Tambayoyi da Amsoshi a Kan Karatun Jita da Ilimin Kiɗa a Jami'a

An tattara waɗannan tambayoyi ne daga abin da ɗalibai da iyaye a Gusau, Ƙauran Namoda, Talata Mafara da sauran garuruwan Zamfara suke yawan tambaya idan suka ji cewa ana yin digiri a kan kiɗa, kuma a cikin digirin akwai waɗanda suke ƙwarewa a kan jita kaɗai.

Wace irin jita ce ake koyarwa a jami'a, kuma me ya raba ta da wadda ake gani a hannun mawaƙa?

Wadda ake nufi a nan ita ce jitar katako mai tsirkiya shida ta nailan, wadda ba a haɗa ta da lantarki, kuma ba a kaɗa ta da ɗan roba sai da yatsu. Uku daga tsirkiyoyin nailan ne zalla, sauran ukun masu kaurin murya an naɗe su da siririyar waya. Wuyanta ya fi na sauran jitoci faɗi, domin kowane yatsa ya sami wurin sauka ba tare da ya taɓa tsirkiyar da ke kusa ba.

Babban bambancin yana cikin aikin da take yi. Mawaƙi yakan share tsirkiyoyin duka a lokaci guda don ya raka muryarsa. Mai wannan jita kuwa shi kaɗai ne mai jan waƙa, shi ne 'yan amshi, shi ne kuma mai ganga: babban yatsa yana riƙe da muryar ƙasa, sauran yatsu uku suna fitar da karin waƙar da abin da ke cike tsakani, duk a lokaci ɗaya, kuma kusan duk abin da yake kaɗawa rubutacce ne a takarda.

Daga ina ta fito, kuma yaushe ta shiga manyan makarantu?

Siffar da take da ita a yau aikin wani masassaƙi ne ɗan Sifaniya, Antonio de Torres, wanda ya rayu daga 1817 zuwa 1892. Shi ya faɗaɗa cikinta, kuma tsawon tsirkiyar da ya yi amfani da shi, kimanin santimita 65, shi ne ma'aunin da masu ƙera ta suke bi har yanzu. Kafin shi an yi makaɗa irin su Fernando Sor da Mauro Giuliani da Matteo Carcassi, waɗanda darussan da suka rubuta a farkon ƙarni na 19 su ne har gobe abincin ɗalibin shekarar farko. Bayansu Francisco Tárrega, wanda ya rasu a 1909, ya daidaita yadda ake zama da yadda ake sarrafa yatsu. Duk wanda ya taɓa riƙe tsohuwar wayar Nokia ya san kiɗansa ko da bai san sunansa ba, domin ƙarar kiran nan an ciro ta ne daga wani kiɗa da ya rubuta a 1902.

Shigarta manyan makarantu ta yi jinkiri ƙwarai, saboda Turawan kansu sun daɗe suna ɗaukarta kayan kiɗan mashaya da bakin titi. Andrés Segovia, wanda ya rasu a 1987 yana da shekara 94, shi ya kai ta manyan zaurukan kiɗa, ya kuma matsa wa masu tsara kiɗa su rubuta mata. Makarantar kiɗa ta Madrid ta naɗa farfesan jita a 1935, ta Landan kuma mai suna Royal College of Music ta buɗe sashen jita a 1960. Wanda ya san yadda ake kallon mai garaya a ƙasar Hausa ba zai yi mamakin wannan tarihi ba.

Me ɗalibi yake karantawa a tsawon digirin?

Digirin shekara huɗu ne ga wanda ya shiga ta jarrabawar JAMB, uku ga wanda ya shiga aji biyu kai tsaye da takardar NCE ko difloma. Jita kaso ɗaya ce kawai daga cikin karatun. Ɗalibi zai koyi karanta rubutun kiɗa da rubuta shi a kan layuka biyar, da ƙa'idojin haɗa sautuka su tafi tare, da horar da kunne, inda malami zai kaɗa wani abu a fiyano ɗalibi ya rubuta abin da ya ji. Akwai tarihin kiɗan Turai, akwai kiɗan Afirka da hanyoyin bincikensa, akwai kuma kiɗan taro, inda dole kowa ya shiga ƙungiya. Yawancin sassa suna tilasta wa kowane ɗalibi ya iya fiyano gwargwado, ko da jita ce babban kayan kiɗansa. A shekarar ƙarshe akwai kundin bincike, sannan ɗalibi ya zauna shi kaɗai a gaban jama'a da malamai masu ba da maki ya kaɗa shirin da ya tanada, galibi da ka.

A tsarin manhaja da hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta ƙaddamar a ƙarshen 2022, hukumar ce ke tsara kashi 70 cikin ɗari na darussa, a bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike da abin da ya dace da yankinta. Wannan kashi 30 yana da muhimmanci ga maganar da za ta zo a ƙasa game da molo da garaya.

Yaya ake gudanar da darasin jitar kanta?

Ba a koyar da ita a babban ɗakin lacca. Malami ɗaya ne da ɗalibi ɗaya, sau ɗaya a mako, na rabin awa zuwa awa guda. Tsarin ya fi kama da karatun zaure, inda kowane almajiri yake zuwa gaban malam da nasa littafin, ya biya inda aka tsaya, a gyara masa, a ƙara masa gwargwadon abin da zai iya ɗauka. Wannan ne ya sa karatun yake da tsada ga jami'a, kuma shi ne abu na farko da yake lalacewa idan aka ɗibi ɗalibai fiye da ƙarfin malamai.

Makonnin farko sukan ba sabon ɗalibi haushi, domin kusan ba a kaɗa komai. Za a zaunar da shi a bakin kujera marar hannu, a ɗora ƙafarsa ta hagu a kan ɗan abin ɗora ƙafa mai tsawon kamar taƙi guda, a kwantar da ƙugun jitar a cinyar hagu, wuyanta ya tashi sama har kanta ya kusa daidai da kafaɗa. Babban yatsan hagu zai ɓuya a bayan wuyan jitar, ba zai leƙo ta sama ba. Daga nan malami zai sa shi ya kaɗa tsirkiya ɗaya da manuniya da yatsan tsakiya, ɗaya bayan ɗaya, a hankali, yana sauraron ko sautin biyun ya zo daidai da juna. Akwai bugu iri biyu da za a raba masa: wanda yatsa yake wucewa ya jingina a tsirkiyar da ke biye, mai ba da sauti cikakke, da wanda yatsa yake tashi sama bai taɓa komai ba. Malami nagari yakan kama wuyan hannun ɗalibi ya girgiza shi don ya ji ko a sake yake, saboda ƙanƙamewa ita ce take kawo ciwon jijiya bayan shekaru.

Sauran aikin na ɗalibi ne a ɗakinsa. Mai son ƙwarewa yana bukatar awa biyu zuwa huɗu kullum, a rarrabe, kuma minti talatin na nutsuwa a kan layi biyu masu wuya sun fi awa uku na maimaita abin da hannu ya riga ya iya. Tafiyar takan fara daga darussan Carcassi da Sor, ta bi ta kan Tárrega da kiɗan Bach, mai tsara kiɗa ɗan Jamus, da aka mayar wa jita, ta kai ga darussa goma sha biyu na Heitor Villa-Lobos ɗan Brazil da ayyukan Agustín Barrios ɗan Faragwai.

Gaskiya ne sai an tara farce?

Yawancin makaɗa suna barin farcen hannun dama ya ɗan wuce tsokar yatsa da milimita ɗaya ko biyu, suna goge shi da 'yar zarto da takarda mai laushi kusan kullum, na hagu kuwa a yanke shi ƙasa sosai. Wannan tambaya tana da nauyi a wurinmu, domin da hannun dama ake cin tuwo, kuma Sunna ta yi umarni da yanke farce, ba a barinsa ya wuce kwana arba'in. Abin da ya kamata ɗalibi ya sani shi ne ba dole ba ne. Sor da tsokar yatsa ya kaɗa duk rayuwarsa, Tárrega ya yanke farcensa a shekarunsa na ƙarshe, ɗalibinsa Emilio Pujol kuma ya tsaya a kan wannan hanya yana kare ta. Sautin tsoka bai kai na farce ƙarfi ba, amma ya fi shi taushi, kuma malamin da ya ce ba za a ci jarrabawa sai da farce ba ya faɗi ra'ayinsa ne kawai.

Wanda bai taɓa riƙe jita ba zai iya neman gurbi?

Zai iya, kuma da yawa daga ɗaliban sassan kiɗa a Nijeriya a jami'ar suke fara kayan kiɗan da za su ƙware a kai. Ana bukatar kiredit biyar har da Turanci, kuma sassa da dama suna yin gwajin kunne da murya kafin su karɓi mutum. Wanda ya sami shekara guda kafin shiga ya koyi karanta rubutun kiɗa ya rage wa kansa wahala mai yawa. Akwai kuma jarrabawar mataki-mataki, daga na 1 zuwa na 8, ta hukumomin Ingila irin su ABRSM da Trinity, da ta cibiyar kiɗa ta MUSON da ke Legas, waɗanda takardunsu suke taimakawa.

A ina ake wannan karatu?

Jami'ar Nijeriya da ke Nsukka ce ta fara buɗe sashen kiɗa a farkon shekarun 1960, kuma har yau yawancin sassan suna kudu, a wurare irin su Ile-Ife, Legas, Abraka, Awka, Uyo da Fatakwal. Kwalejin ilimi ta tarayya da ke Okene tana ba da NCE a kiɗa. Ɗan Zamfara mai wannan buri ya sa a ransa cewa zai yi nisa da gida. Kafin ya cike fom, ya duba kundin JAMB na shekarar, sannan ya yi tambaya ɗaya da kundin ba ya amsawa: shin a sashen akwai malamin da jita ce ainihin fanninsa? Sashe yana iya rubuta jita a jerin kayan kiɗansa alhali mai koyar da ita ɗan fiyano ne da ya iya kama 'yan sautuka.

Muna da molo, garaya, gurmi, goge da kuntigi. Me zai kai ɗan Zamfara koyon kayan kiɗan Turawa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi cancantar a tsaya a kanta. Ƙasar da ta haifi Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru da Kassu Zurmi ba ta rasa kiɗa ba, kuma babu wanda zai ce jita ta fi kotso daraja. Matsalar tana wani wuri dabam. Sassan Hausa na jami'o'inmu sun yi gagarumin aiki a kan waɗannan makaɗa, kuma ayyukan masana irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau sun adana tarihinsu da matanin waƙoƙinsu da salon maganarsu. Amma abin da aka fi nazarta shi ne kalmomi. Sautin kansa, wato yadda kotso yake amsa wa murya, inda 'yan amshi suke shigowa, yadda karin waƙa yake bin hawa da saukar harshen Hausa ko ya saɓa masa da gangan, kaɗan ne daga cikinsa aka rubuta, domin masu jin Hausar fada har cikin ƙashi ba su sami horon rubuta sauti ba, masu horon kuma galibi ba su jin Hausar.

A nan ne jita take da amfani. An shafe kusan shekara ɗari biyu ana tsara hanyar koyar da ita daki-daki, tana tilasta wa mai koyonta ya karanta, ya rubuta, ya ji muryoyi biyu ko uku suna tafiya tare, kuma ta fi fiyano araha da sauƙin ɗauka nesa ba kusa ba, ba ta kuma bukatar wutar lantarki. Ɗalibin da ya fito da wannan kunne, ya dawo ya zauna gaban tsohon mai molo a ƙauyen Maradun ko Zurmi da na'urar ɗaukar murya da takarda, zai iya yin aikin da ba kowa ne zai iya ba.

Sai dai akwai iyaka da ya kamata a faɗa wa ɗalibi tun da wuri. An gindaya wa wuyan jita ƙarafa da suka raba sauti gida goma sha biyu daidai wa daida, bisa ma'aunin Turai. Molo da garaya da goge ba su da waɗannan ƙarafa, kuma yawancin kiɗanmu yana tafiya ne a kan sautuka biyar da tazararsu ba ta faɗa daidai kan ma'aunin nan ba. Wanda ya ɗauki waƙar goge ya ɗora ta a jita zai sami abin da ya yi kama da ita, amma lanƙwasar da ke tsakanin sauti da sauti ta zube. Malamin da ya san aikinsa zai nuna wa ɗalibi wannan giɓi, ya hana shi ɗaukar cewa mai gogen ne ya kauce.

Maƙwabtanmu sun riga sun nuna cewa jita tana karɓar harshen Sahel. Ali Farka Touré na Mali, wanda ya rasu a 2006, ya ɗauko salon kayan kiɗan gargajiyar yankinsa ya mayar a kanta, makaɗan Abzinawa na Agadas kuma sun yi mata nasu salon da duniya ta sani. Ko a cikin rubutaccen kiɗan jita, Leo Brouwer ɗan Kuba ya gina wani sanannen aikinsa na 1981 a kan labaran Afirka ta Yamma. Abin da ya rage shi ne a sami rubutattun darussan jita da aka gina a kan karin Hausa, yadda yaron da ya fara koyo a Gusau zai fara da abin da kunnensa ya sani. Wannan aiki ne na ɗan gida.

Me za a ce wa iyaye game da addini da mutunci?

Wannan shafi ba wurin fatawa ba ne. Abin da yake sananne shi ne mafi yawan malaman mazhabobi huɗu sun hana kayan kiɗa masu tsirkiya, wasu kuma, irin su Ibn Hazm na Andalus, sun halatta, yayin da masana irin su Al-Kindi da Al-Farabi suka yi rubuce-rubuce a kan ilimin sauti da ma'auninsa. A jihar da take aiki da shari'ar Musulunci tun shekarar 2000, ba daidai ba ne a ce wa yaro ya yi watsi da damuwar mahaifinsa. Ya zauna da iyayensa da malamin da suka amince da shi, ya bayyana musu ainihin abin da karatun ya ƙunsa, kuma idan suka ƙi, ya sani cewa ana iya nazarin kiɗan Hausa ta ƙofar sashen Hausa ko tarihi.

Sau da yawa abin da yake damun iyaye ya haɗa da wani abu ban da hukunci, wato tsoron a ce ɗansu ya zama maroƙi. Amsar wannan ita ce a nuna musu jadawalin darussa da irin aikin da ake samu bayan kammalawa.

Wane aiki ake samu?

Koyarwa ce ta fi yawa, a makarantun firamare da sakandare masu zaman kansu, da kwalejojin ilimi. Rundunonin soja da 'yan sanda suna da ƙungiyoyin kiɗa da makarantunsu, kamar ta sojan ruwa da ke Ota. Akwai ɗakunan haɗa sauti na Kano da Kaduna, inda wanda ya iya tsara kiɗa da rubuta shi yake da wuya a samu, akwai gidajen rediyo, akwai aikin adana kayan tarihi. Wanda yake tunanin zai ci abinci da kaɗa jita a zauren taro kaɗai, kamar yadda ake yi a Turai, ya sake lissafi, domin ko a can kaɗan ne suke rayuwa a haka ba tare da koyarwa ba.

Me ake bukata kafin mutum ya zama malamin jita a jami'a?

Digiri na farko mai kyau yana iya sa a ɗauki mutum mataimaki mai neman horo, digiri na biyu ya kai shi matakin ƙaramin malami, amma ci gaba zuwa manyan matakai sai da digirin digirgir. A nan akwai wani karo da duk malamin kayan kiɗa yake fuskanta. Ƙarin girma a jami'o'inmu ya rataya ne a kan maƙalun da aka buga, alhali awoyin da malami yake kashewa yana riƙe ƙwarewar yatsunsa, da waɗanda yake zaune da ɗalibi ɗaya-ɗaya, ba su cika shiga lissafi yadda ya kamata ba. Sakamakon haka mutum yakan wayi gari ya zama babban malami a takarda, hannunsa kuwa ya mutu. A Amurka an ware digirin digirgir na musamman ga masu kaɗawa, inda wasannin da mutum ya gabatar suke cikin abin da ake auna shi da su. Shawarar da ta fi dacewa da mai wannan buri a nan ita ce ya zaɓi binciken da yake bukatar jita a hannu, misali mayar da kiɗan garaya ko gurmi zuwa rubutu, domin aikin ɗaya ya biya masa bukata biyu.

Ana iya koyo ta intanet kawai?

Ana iya farawa. Shafin IMSLP yana ɗauke da rubutattun ayyukan Sor, Giuliani, Carcassi da Tárrega kyauta, tun da haƙƙin mallakarsu ya daɗe da ƙarewa, YouTube kuma cike yake da darussa. Abin da bidiyo ba zai yi ba shi ne ya ga cewa kafaɗarka ta ɗage ko wuyan hannunka ya lanƙwashe. Wanda ba shi da malami kusa ya riƙa ɗaukar kansa a waya yana aika wa wanda ya iya, ko da sau ɗaya a wata.

Wace jita zan saya, kuma yaya zan kare ta daga yanayinmu?

Mai farawa ba ya bukatar mai tsada. Irin su Yamaha C40 sun isa shekara biyun farko, kuma ana samunsu a shagunan kayan kiɗa na Kano, Kaduna da Abuja. A duba cewa wuyan bai lanƙwashe ba, tsirkiyoyin kuma ba su yi nisa da ƙarafan ba. Kada a kuskura a ɗaura mata tsirkiyar ƙarfe don ta nailan ta yi wuyar samu, domin jan ƙarfe ya fi ƙarfin jikinta, yana iya ɓamɓare jakin da tsirkiyoyin suke ɗaure a kai ko ya lanƙwasa wuyan. Mai zuwa birni ya sayo ƙulli biyu ko uku ya ajiye, musamman saboda ta huɗu, wadda ta fi saurin tsinkewa.

Babban abokin gabanta a Zamfara shi ne hunturu. Katakon jita yana son danshin iska na kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, alhali daga Disamba zuwa Fabrairu iskarmu takan bushe ƙasa da rabin haka. Alamar farko ita ce bakin ƙarafan wuya ya fara kartar yatsa saboda katakon ya tsuke, daga nan sai fuskar ta tsage. Maganin ba shi da tsada: a sami kwanon sabulu na roba mai murfi, a huda shi, a sa soso a ciki da aka jiƙa aka matse shi sosai har ba ya ɗiga, a ajiye a cikin akwatin jitar a rufe, a riƙa sake jiƙa shi bayan kwana biyu ko uku. Kada a rataye ta a bango, kada a bar ta cikin mota a rana a watan Afrilu, domin zafin yana narkar da mannin da ya haɗa ta. Idan damina ta sauka sai a cire soson, a riƙa goge tsirkiyoyin da busasshen ƙyalle bayan kowane zama saboda gumi.